Muhawara: Ana iya gane fim ɗin da zai yi kasuwa daga zubin labarinsa?

Nura Edita: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake son masana su warware mana. Wasu masu nazarin fim suna da'awar cewa in ka miƙa musu rubutaccen labari tun ba a kunna kyamara ba, za su faɗa maka ko zai yi kasuwa ko zai kwanta. Abin da suke dubawa shi ne ko labarin ya hau kan tsohon zubin almarar mutanen da: jarumin da aka taso daga gida ba da son ransa ba, dattijon da ke ba shi makami da shawara, mayaudarin da ba a san inda ya dosa ba, bos, ramin da jarumi zai faɗa har a fid da rai, sannan ya fito ya koma gida da abin da mutanensa ke nema. Wai duk labarin da ya cike waɗannan gurabe, kuɗi na nan tafe. Ni dai na ji ƙamshin gaskiya a ciki. Me kuka gani?

Malam Habu: Wa alaikumus salam Nura. Kafin a fara ja, bari a san inda abin ya samo asali, don mutum uku aka haɗa aka dama wuri guda.

Na farko Vladimir Propp ne, ɗan Rasha. A 1928 ya fitar da nazarinsa kan tatsuniyoyin Rasha guda 100, ya ce duk yawansu abubuwa 31 ne ke faruwa a cikinsu, kuma a jere suke zuwa, ko da wata tatsuniyar ta tsallake wasu. Mutanen ciki kuma ya kasa su gida 7. Na biyu Carl Jung, likitan tunani ɗan Suwizalan, wanda ya ce akwai wasu siffofi da ke kwance a can ƙasan tunanin kowane ɗan Adam, irin su uwa, dattijo mai hikima, da inuwar mutum, wato ɓangarensa da yake ɓoyewa. Na uku Joseph Campbell na Amurka, wanda a 1949 ya tattaro almarar al'ummu daban-daban ya ce tafiya ɗaya ce jarumi ke yi, mai zango 17.

A cikin su ukun babu wanda yake tunanin tikitin sinima. Wanda ya shigar da abin kasuwa shi ne Christopher Vogler, mai tace labarai a kamfanin Disney. A 1985 ya rubuta 'yar takarda mai shafi bakwai, ya rage zangunan Campbell zuwa 12, takardar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu a Hollywood, a 1992 ya mai da ita littafi.

Nura Edita: Allah ya ƙara basira Malam. Amma ai kafin Vogler an ga aikinsa a fili. George Lucas da bakinsa ya ce littafin Campbell ya taimaka masa wajen rubuta Star Wars. Fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan 11 a 1977, ya zo ya karya tarihin kasuwa. Wannan ba hujja ba ce?

Aminu Lissafi: Nura, misalin naka ya fi yi mini aiki fiye da kai. Kamfanin United Artists ya ga labarin ya ƙi karɓarsa. Universal ma haka. Fox da ya karɓa, a sinima 32 kacal aka fara haska shi, don masu sinima ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Yaro maraya yana nan, dattijo yana nan, bos mai baƙar riga yana nan, kuma mutanen da sana'arsu ke nan sun duba ba su ga kuɗi ba.

Amma ba ma nan gizo ke saƙar ba. Ga tambayata ga duk mai wannan da'awa: finafinan da suka kwanta, ka auna su da ma'aunin nan kuwa? Don in ka auna za ka tarar su ma sun cike gurabe tsaf. Ɗauki John Carter na 2012. Tsohon soja, an jefa shi wata duniyar, ya faɗa hannun baƙin halitta, ya koyi zama da su, ya so gimbiya, ya ja yaƙi, ya yi nasara. Labarin tun 1912 Edgar Rice Burroughs ya rubuta shi. Daraktan, Andrew Stanton, ya riga ya yi finafinan katun biyu da suka ci kasuwa suka kuma ci Oscar. Kamfanin kuma Disney ne, gidan da takardar Vogler ta fito. Da bakinsu suka sanar da asarar kusan dala miliyan 200.

To koma baya shekara uku. Avatar, 2009. Tsohon soja, wata duniyar, baƙin halitta, 'yar shugaban ƙabila, yaƙi, nasara. Ya tara sama da dala biliyan 2.7. Ma'aunin da ya ba waɗannan biyu maki ɗaya, me ya hasasa? Dokin sukuwa ƙafa huɗu gare shi, jaki ma huɗu. Ƙirga ƙafa ba ya faɗa maka wanda zai zo na ɗaya.

Nura Edita: Ai John Carter bai bi zubin daidai ba. Farkonsa ya cakuɗe, an buɗe fim kusan sau uku kafin a san wa ake bi. Kuma ba a ba mu dalilin da za mu damu da jarumin ba.

Aminu Lissafi: Yawwa. Yaushe ka gano haka, kafin ya fita ko bayan ya kwanta? In fim ya ci ka ce ya bi zubi, in ya faɗi ka ce bai bi daidai ba. Da wannan tsarin ba ranar da za a kama ka da kuskure, kuma abin da ba a iya kama shi da kuskure ba hasashe ba ne.

Sadiya: Yaya Aminu ka yi zafi da yawa. Ai an yi bincike da alƙaluma, ba da baki kawai ba. A 2016 wasu masana a Jami'ar Vermont sun sa kwamfuta ta bi labarai sama da 1,300 tana auna hawa da saukar farin ciki a kalmominsu, suka ce yawanci siffa shida suke ɗauka. A 2018 wasu a Birtaniya suka yi irin wannan da rubutun maganganun finafinai sama da 6,000, suka haɗa da kuɗin da kowane ya samu. Siffar da ta fi kawo kuɗi ita ce wadda mutum ke zaune lafiya, ya faɗa rami, ya fito. Wannan ai ita ce zuciyar tafiyar jarumin da Nura yake faɗa.

Aminu Lissafi: Na san binciken, ƙanwata, kuma ban raina shi ba. Sai dai a lura da abu biyu. Ba dattijo ko mayaudari suka ƙirga ba, nauyin kalmomi suka auna, na daɗi da na baƙin ciki. Sannan matsakaici suka bayar, kuma matsakaici a harkar fim mugun abu ne. Masanin tattalin arziki Arthur De Vany da abokin aikinsa David Walls sun daɗe da nuna cewa kuɗin sinima ba ya rabuwa daidai: 'yan tsirarun finafinai ke kwashe kaso mafi tsoka, saura su yi ta wawason abin da ya rage. In ka zuba manya biyu ko uku a cikin rukuni, matsakaicin rukunin zai tashi sama, alhali mafi yawan 'yan rukunin asara suka yi. Furodusa kuwa ba rukuni yake yi ba, fim ɗaya yake yi da kuɗin mutane.

Su kansu masu binciken sun ce siffar ramin ba ita 'yan kallo suka fi yabawa ba, ita aka fi yin surutu a kanta.

Sadiya: To ai surutun shi ne kasuwa.

Aminu Lissafi: Shi ne, kuma shi ne abin da ba ya kamuwa. Akwai gwajin da Duncan Watts da abokansa biyu suka buga a 2006. Sun tara mutum kusan 14,000 a intanet, suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Aka raba mutanen rukuni-rukuni, kowane rukuni yana ganin abin da 'yan rukuninsa kawai suka sauke. Waƙoƙi iri ɗaya, amma wadda ta yi tashe a wannan rukuni sai ka gan ta can ƙasa a wancan. Masu kyau sosai ba safai suke faɗuwa warwas ba, marasa kyau sosai ba safai suke hawa sama ba, amma tsakanin nan komai na iya faruwa, ya danganta da abin da mutanen farko suka taɓa. Wannan ba ya cikin rubutun labari, don a lokacin rubutun bai ma faru ba.

Alhaji Kabiru: Ina biye da ku. Mu da muke sa jari, bari in faɗa muku abin da ke hana mu barci, don ba dattijo mai sanda ba ne.

A manyan kasuwanni masu sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Kuɗin talla kuma daban yake da kuɗin ɗaukar fim, a manyan finafinai yakan kai wani babban kaso na jarin. Shi ya sa ake ƙiyasin sai fim ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na jarinsa kafin a ce an fita. Wato labari ɗaya, in an yi shi da miliyan 30 riba ne, in an yi shi da miliyan 250 makoki ne. John Carter ɗin nan ya tara sama da dala miliyan 280. Mutane sun kalla, jarin ne ya yi nauyi.

Sai ranar fita. A 25 ga Yunin 1982 aka saki Blade Runner da The Thing rana ɗaya, mako biyu bayan E.T. ya cika sinima. Duka biyun suka sha ƙasa, yau kuma ana koyar da su a makarantun fim. Wane zubi ne zai faɗa maka wanda za ka yi karo da shi a mako guda?

Nura Edita: Ranka ya daɗe, amma ai akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kuma ana biyan su.

Alhaji Kabiru: Akwai. Epagogix na Birtaniya ya yi suna tun wajen 2006 da cewa yana auna rubutun labari ya faɗi kuɗin da zai kawo. ScriptBook na Beljiyam ma haka. A farkon 2020 Warner Bros ya ƙulla yarjejeniya da Cinelytic. Amma ka duba abin da na ƙarshen nan yake aunawa: wane jarumi, nawa yake jawowa a wace ƙasa, nawa ne jari, yaushe za a saki. Lissafin 'yan kasuwa ne. Kuma ni abin da nake tambayar kowane mai sayar da hasashe shi ne, in kana da tabbaci haka, me ya hana ka zuba naka kuɗin a fim ɗin ka kwashi ribar, ka tsaya kana karɓar ladan shawara?

Baffa: Alhaji ya taɓo inda ke ciwo. 😂

Anti Bilki: Ku maza kun tsaya kan kuɗi. Ni a matsayina ta mai rubutu, tun daga tushe nake da ja. Wa ya ce duk labarin duniya tafiyar namiji ce daga gida zuwa daji? A zubin Campbell mace ko uwa ce, ko jaraba ce, ko kyautar da ake ba jarumi in ya dawo. Ɗalibarsa Maureen Murdock sai da ta rubuta nata littafin a 1990 kan tafiyar jaruma, don ta ga wancan bai ɗauke ta ba.

Ga labarin marainiya da kishiyar uwa. Mu duka da shi muka tashi. Turawa suna da nasu, a ƙasar Sin an rubuta irinsa tun ƙarni na 9. Yarinyar nan ba ta ɗauki takobi ba, ba ta kashe dodo ba. Haƙuri ta yi, ta kyautata wa wadda kowa ya ƙyamata, gaskiyarta ta fito. Wannan ma tsohon zubi ne, kuma finafinan soyayya da na iyali da yawa a kansa suke, inda duk yaƙin a tsakar gida ake yin sa.

Sannan Gizo. Ku gaya mini darasin da Gizo ya taɓa koya. Yau ya yi ha'inci ya sha duka, gobe ya sake. Ba ya canzawa, kuma don haka ake son sa. Littattafan koyar da rubutun fim sun nace sai jarumi ya sauya hali kafin ƙarshe. To James Bond tun 1962 yake fitowa a sinima, yawancin finafinansa yadda ya shiga haka yake fita. Mr Bean fa? Waɗannan ai kuɗi suka kawo ba kaɗan ba.

Malam Habu: Hajiya ta faɗi abin da masana tatsuniya suka daɗe suna sukar Campbell da shi. Ya tsinci labaran da suka yi daidai da ra'ayinsa, ya yanko gutsure daga nan da can, ya bar waɗanda ba su shiga ba. Propp ya fi shi taka-tsantsan, don shi ya ce a kan tatsuniyoyin al'ajabi na Rasha yake magana, bai ce duniya duka ba.

Nura Edita: Anti, ai ita ma marainiyar tafiya take yi. Ana aikenta rafi ko daji, ta haɗu da tsohuwa, a gwada ta, ta dawo da arziki. Zango-zango ga shi nan.

Anti Bilki: Ɗana, to kawo mini fim ɗin da ba za ka iya cusa shi a ciki ba. Parasite na Koriya ta Kudu, 2019. Jarinsa bai kai dala miliyan 20 ba, ya tara sama da miliyan 250, ya ci Oscar na gwarzon fim. Iyali ne matalauta suka yi wa gidan mai kuɗi dabara, aka ƙare da jini. Ina jarumi? Ina dawowa da nasara?

Nura Edita: Akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidan. Saukar da suka yi cikinsa ita ce shiga rami. Abokin da ya kawo wa yaron dutse kuma shi ne mai kira.

Anti Bilki: Ka ji ko, Aminu? Har matattakala ta zama almara.

Aminu Lissafi: Na ji Anti. Ni na huta.

Isiyaku Ɗan Indiya: Ku ba ni wuri in sa baki, don duk kun tafi Amurka kun bar inda almara take da rai. A Indiya ba sai an je neman zubi a ɓoye ba, labarin Ramayana kowa ya san shi tun yana goye. Da aka yi shi a talbijin a 1987, ranar Lahadi da safe tituna kan yi tsit. To a 2023 aka yi Adipurush, labarin nan dai, da Prabhas wanda Baahubali ya ɗaga, da jari mai nauyin gaske. Kwanakin farko an yi tururuwa, daga nan kasuwa ta rushe. Mutane suka ce an wulaƙanta musu abin da suke girmamawa, maganganun da aka sa a bakin wasu ba su dace ba, har sai da masu fim ɗin suka canza wasu layuka bayan ya riga ya fita. A farkon 2024 kuma Hanu-Man, ƙaramin fim da ba a kashe masa ko kusa da wancan ba, ya jingina da almara ɗaya, ya ninka jarinsa sau da yawa.

A Sin ma Ne Zha 2 na 2025, fim ɗin katun da aka gina kan tsohuwar almararsu, ya wuce dala biliyan 2, kuma kusan duka a cikin gida ya tara su. Da a ce siffofin da ke cikin kowane ɗan Adam ne suka sayar da shi, ai da ya ci Amurka da Turai kamar yadda ya ci Sin. Abin da na gani shi ne, mutane suna fitowa don labarin da suka sani da sunansa, nasu na kansu. Kuma wannan sanin shi ke sa su yi maka hukunci mai tsanani in ka taɓa shi ba daidai ba.

Malam Habu: Wannan rarrabewar tana da amfani, Isiyaku. Sanannen labari yana rage wa furodusa wahalar talla, wannan ana iya auna shi, shi ya sa Hollywood ta cika da kashi na biyu da na uku. Amma wannan ƙarfin suna ne, ba ƙarfin zubi ba.

Sadiya: To yanzu a zubar da shi ke nan gaba ɗaya? Ni a aji an koya mana shi, kuma ya buɗe mini ido.

Anti Bilki: A'a 'yata, ni ma ina amfani da shi, amma sai na gama rubutun farko. In na karanta na ji tsakiyar labari ta yi sanyi, sai in ɗauko shi in yi wa kaina tambayoyi. Me yarinyar nan take so? Me za ta rasa in ta kasa? Wa ke tare mata hanya, kuma yana da hujjarsa ko mugu ne kawai don na ce? An matse ta har ta rasa mafita, ko na tausaya mata da wuri? Nan yana aiki ƙwarai. Abin da na ƙi shi ne a fara da shi. Blake Snyder, a littafinsa na koyar da rubutun fim na 2005, har shafi ya ƙayyade: abin da zai tayar da labari a shafi na 12, juyi a na 55, fid da rai a na 75, cikin shafi 110. Marubuta suka rungume shi. Yanzu kana zaune a sinima kana duban agogo ka san saura minti kaɗan a kashe dattijon.

Nura Edita: Wannan kam a teburin tacewa ina ganinsa. In fim ya yi nauyi a tsakiya, sau da yawa za ka tarar jarumin bai rasa komai ba tukuna, sai a jawo wani fage gaba a gyara. Amma har yanzu ban sauka ba. Na yarda zubi kaɗai ba ya sa a ci kasuwa. Abin da nake cewa, rashinsa yana sa a faɗi. Wato zai iya nuna mana wanda zai kwanta, ko bai nuna wanda zai tashi ba.

Aminu Lissafi: Wannan da'awar ta fi ta farko ƙanƙanta, kuma ana iya gwada ta. Amma sai mun hana kanmu wayo. A zaɓi finafinai 20 da ba su fita ba. Ka rubuta sharuɗɗanka a nan zaure tun yanzu, kowa ya gani, ba ƙari ba ragi. Ka ba kowane fim maki kafin ranar fitarsa. Ni kuma ba zan karanta labarin ko ɗaya ba, jari kawai zan duba, da yawan sinimar da za a sake shi, da ko kashi na biyu ne. Ƙarshen shekara a kwatanta.

Nura Edita: Na karɓa. Matsalar ita ce ba a ba mutum rubutun fim kafin ya fita. Daga tallarsa ta minti biyu zan auna?

Malam Habu: A ɗauki waɗanda aka ciro daga littattafai ko tarihin da aka sani, sai a auna daga tushen. Ba cikakke ba ne, don darakta yakan canza, amma ya fi talla.

Alhaji Kabiru: Kuma ku daidaita me ake nufi da cin kasuwa tun yanzu, kada a zo ana rigima. Ni ninki biyu da rabi na jarin da aka bayyana nake ba da shawara. A cire waɗanda za su tafi Netflix kai tsaye, don babu kuɗin tikitin da za a ƙirga.

Sadiya: Ni zan riƙe jerin. Yaya Nura ka turo sharuɗɗan kafin a fara zaɓe, kada ka ga sunayen finafinan tukuna.

Isiyaku Ɗan Indiya: A sa na Indiya aƙalla biyar, in ba haka ba ban yarda da sakamakon ba.

Anti Bilki: A sa na soyayya da na barkwanci su ma. Kuma Nura, ka rubuta a sharuɗɗan naka ko matattakala tana cikin ramuka, mu sani tun yanzu.